Abin da Alkama Ta Sani

Ni ne Saverio ɗan Cosimo, jikan mai alfadari.
Shekara arba'in da ɗaya ina huɗar fili guda
a gabas da Foggia, inda dutsen Gargano
ke tare iska da safe, ya sako ta da la'asar.
Na ɗauka na san gonar nan kamar yunwar cikina.

Akwai wani gefe, can wajen tsohuwar rijiya.
Duk shekarar da sama ta yi rowa,
alkamar ko'ina takan yi fari ta sunkuya,
ta can kuwa sai ta tsaya kore shar,
ta ɗara 'yan'uwanta da taƙi,
ta ƙi nuna sai an yi kwana goma ana jiranta.
Babana ya ce nan alfadarin kakana ya faɗi.
Na ce to. Ban tambayi girman alfadarin ba.

Bana ruwa ya ɗauke tun Maris.
Wata Talata, ina fama da bel ɗin tarakta,
sai ga Incoronata daga jami'a,
takalmanta fes, ba su taɓa gaisawa da laka ba.
Ta buɗe kwamfuta a kan murfin inji,
ta ce, "Baba, ga gonarka daga sama."

Na ga rijiyar, ƙanƙanuwa kamar idon kaza.
Na ga layin zaitun ɗin da matata Addolorata ta dasa.
Sai na ga zobe.
Zobe cikin zobe, ja wur, ya ci rabin gonar,
ya tsallake shinge ya shiga ta Gaetano,
wanda muka yi shekara tara ba ma ga maciji
a kan taku huɗu na iyaka.

Ta ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauka,
da wani haske da idonmu ba ya kamawa,
wanda ganye mai ƙoshi ke mayar wa sama.
Ta ce, "Gwalalo ne. Mutane suka haƙa kewaye da gari,
ƙila shekara dubu bakwai ke nan.
Ƙasa ta cike shi, amma har yau yana riƙe damshi.
Saiwa ta same shi ta sha, ganye ya tona asiri.
Inda dutse ke kwance kuwa, alkama kan tsumbure."
Ƙananan lanƙwasan ciki, masu kama da jinjirin wata,
ta ce kowanne gidan wani ne.
Na ƙirga da yatsa mai baƙin mai. Ashirin da uku.

Na tambaya ko za a karɓe gonar.
Ta ce a'a. Ta yi shiru. Ta dubi garmata,
sabuwa, mai haƙora biyar, ban gama biyan bashinta ba.
"Nawa take nutsewa?"
Na faɗa mata, har da 'yar alfaharina.
Ba ta ce komai ba, ta rufe kwamfutar a hankali.

Daren ban yi barci ba.
Na tuna tsingaron da nake tsinta bayan huɗa
ina wurgi da su cikin kwata,
wasu da zanen farce a baki.
Na tuna dutsen niƙan da ke tokare ƙofar rumbuna,
mai kwarmi a tsakiya, wanda hannun wata ya cinye.
Ita ma alkama take niƙawa, in ji yarinyar.

Da asuba na shiga gonar ba tarakta.
Daga ƙasa ba zobe, sai zangarniya tana dukan gwiwa,
nan tsayi, nan gajarta.
Na bi koren da ƙafa har shinge.
Gaetano na tsaye a nasa ɓangaren, cikin nasa koren,
da irin takardar da aka ba ni a hannunsa.
Ya ce, "Kai ma ta zo maka?"
Na ce ta zo.

Kafin kaka zan ɗage garmar taƙi biyu.
Shi bai ce zai ɗage tasa ba tukuna,
ya dai ari sifana mai lamba ashirin da huɗu.